Ƙayar da Ba Ta Cikin Ambulan

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

Yau muka saki na gwaji. Yaya ce ta danna, don makullin saki a hannunta yake ita kaɗai. Ni da Farfesa muna tsaye a bayanta kamar masu jiran a sauke tukunya. Telan da ke ƙasan ofishinmu ya tsayar da kekensa daidai lokacin, ɗakin ya yi tsit har na ji ƙarar maɓallin.

Da na koma gida Umma ta ce, "Wai me kuka saki ne, tun safe ake saki saki, akuya?" Na ce lissafi ne, Umma, na lokutan salla da na alƙibla. Ba manhaja ba ce da za ki buɗe a waya, kayan ciki ne, masu haɗa manhaja su ɗauka kyauta su cusa a cikin tasu. Laburare ake ce masa. A buɗe yake, kowa a duniya yana iya ɗauka, yana iya leƙa cikinsa. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa kun san abin da kuke yi."

Na dasa ƙayata kamar kullum. Yaya ce ta kafa wannan ƙa'ida tun farko: duk na gwaji sai an ɓoye masa kuskure ɗaya da gangan, don a ga ko mai gwadawa gwadawa yake yi ko shayi yake sha. Ni ke dasawa, tunda a cewarta Allah ya ba ni baiwar ɓarna, gara a sa ta a hanya. Farfesa ke nema. Ɗan kawunmu ne, abokin wasana, takardun jami'a biyu da tabarau ɗaya. In ya gano, in wanke kofuna mako guda. In ya kasa, shi ya wanke, ni kuma in zauna ina nuna masa inda bai fita ba. Yaya ba ta duba abin da na taɓa sai ranar buɗe ambulan. A saman shafinmu kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: NA GWAJI NE, AKWAI ƘAYA A CIKI, KADA A YI SALLA DA SHI.

Na rubuta ƙayar a takarda, na liƙe, Yaya ta sa hannu a bakin ambulan ta jefa a durowa. Litinin mai zuwa za a buɗe.

Ɗaya na rubuta.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Farfesa ya fito da takardarsa ta garuruwa ashirin. Shekara biyu ke nan da su yake gwada komai, ba ya ƙari, ba ya ragi. Takardar har ta yi laushi kamar tsumma. Na haddace su tsaf, yadda na haddace allona. Yau yana aiki ina karanta masa su da ƙira'a daga na ɗaya har na ashirin, ina jan madda a na bakwai.

Ya ce, "Auta, in ba ka rufe min baki ba zan jefo ka kan keken tela."

Na ce, "Allah ya ja zamanin Farfesa, duniya dai gari ashirin ce, sauran duk daji ne."

Ya ce ɗan allo bai san abin da ake kira samfur ba. Yaya ta yi dariya, sannan ta dafe goshi ta ce a buɗe taga.

Mutum arba'in da ɗaya sun sauke laburaren.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Ya gano. La'asar tana ƙara minti bakwai duk ranar Alhamis, ita ce ta cikin ambulan. Ya miƙe ya yi rawa, rawar da ko agwagwa ba za ta yarda tata ce ba. Ya tara min kofuna har da waɗanda ba a sha komai da su ba.

Ya gyara, Yaya ta saki gwaji na biyu. Shi kuma ya goge gargaɗin nan na saman shafi, ya rubuta: An cire ƙaya, an gwada, komai daidai.

Ina wanke kofuna ina cije leɓe don kada dariya ta fito. A garuruwansa ashirin kibiyar alƙibla tana nuna daidai. Dole ta nuna daidai, ni na ce mata ta gaishe su. Namu garin ma yana ciki. Amma duk garin da ba ya cikin takardarsa, sai ta ɗan kauce dama, digiri goma sha ɗaya. Layi uku ne kacal, na ɓoye su a inda ake gyara lambobi. Ran Litinin, bayan an buɗe ambulan ya gama buga ƙirji, zan ce, Farfesa, ɗan sa mana gari na ashirin da ɗaya mu gani.

Bari ya gama rawarsa.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Ba a buɗe ambulan ba. Tun jiya Yaya tana asibiti.

Umma ta ce jiri ne. Ba a kwantar da mutum saboda jiri. Mijinta yana tsaye a baranda yana magana da likita ƙasa ƙasa, da na matso suka koma zancen zafin gari.

Litinin, bayan la'asar

Farfesa ya ce ambulan ba shi da sauran amfani, ai ya riga ya gano abin da ke ciki. Ta biyun na bar ta sai Yaya ta dawo. Wasa irin wannan ba a ɓata shi a gaban mutum ɗaya. Sai Yaya tana nan ta ga fuskarsa. Kwana biyu ne ai.

Na gwaji ne kuma. Wa zai yi aikin gaske da na gwaji?

Ɗari da tara sun sauke.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Ni ke amsa masu rubuto mana da Hausa a shafin ƙorafi, Farfesa ya ɗauki na Turanci. Yau wani baƙo ya rubuto, ba ƙorafi ba, godiya. Ya ce shi mai gyaran waya ne, ya koyi haɗa manhaja da kansa, ya ɗauki laburarenmu ya yi 'yar ƙarama don unguwarsu. Ya ce da ya ga an rubuta an cire ƙaya sai hankalinsa ya kwanta. Suna gina masallaci, ƙarami, na unguwa. Ran Asabar ya ɗora wayarsa a ƙasa, magini ya ja igiya a kan kibiyar, aka haƙa harsashi. Ya haɗo da hoto: rami, igiya, yara sun leƙo.

Ya faɗi sunan garinsu. Na karanta takardar Farfesa a kaina daga ɗaya zuwa ashirin. Na sake karantawa daga ashirin zuwa ɗaya.

Na rubuta masa: Madalla, Allah ya sa albarka.

Me zan ce?

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Na sa wa Farfesa gishiri a shayi. Ya kurɓa ya furzar a kan takardunsa, ya bi ni har matakala da takalmi. Tela ya ce wata rana sai mun rushe masa bene. Na yi dariya sosai, har ta yi yawa, har Farfesa ya tsaya ya ce, "Kai lafiyarka?"

Asabar, 15 ga wata, da safe

Baƙon ya dawo. Ya ce ladaninsu, tsoho ne mai shekara tamanin, ya zo ya tsaya a kan harsashin ya ce wannan gini a karkace yake, shi tun yana yaro ya san inda rana ke fitowa a bayan tsamiyar can. An yi gardama. Matasa sun ce Baba ido ne ya yi rauni. Baƙon yana tambaya cikin ladabi ko akwai yiwuwar kuskure. Bulo layi huɗu ya hau.

Ban amsa ba. Na bar shi a buɗe na sauka wai zan sayo sukari. Da na dawo Farfesa ya gani, ya amsa da kansa da Hausarsa ta 'yan jami'a: an tabbatar da lissafin a garuruwa ashirin, babu kuskure, a duba ko akwai ƙarfe kusa da wayar. Ya rufe ƙorafin.

Ya ce, "Ka ga yadda ake amsa mutane? Koya."

Na ce na koya.

Asabar, bayan la'asar

Na buɗe layukan nan uku na zauna ina kallonsu. Minti ɗaya ya isa in goge su. Amma duk abin da aka taɓa a laburare yana barin sawu, da sunan wanda ya taɓa da ranar, kowa na gani. Ko na goge, ba mai iya sakin sabo sai Yaya. Ko an saki, wayar baƙon ba za ta san an saki ba sai an gaya masa. Ko wayar ta sani, bulo bai sani ba.

Na rufe kwamfutar.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Mun je dubiya. Yaya ta rame, zoben hannunta yana yawo. Ta ce, "Auta, ka bar min ofis da rai?" Na ce Farfesa ne dai ya ƙara ƙiba. Ta yi murmushi ta lumshe ido.

Na ce, "Yaya, akwai wata 'yar magana."

Umma ta taka min ƙafa. A waje ta kama kunnena kamar ina ɗan shekara shida. "Likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ita. In shirmenka ne ka riƙe abinka. Ka ji ni?"

Na ji. Ba ni na ƙi faɗa ba ke nan. An hana ni.

Litinin, 17 ga wata, da safe

An hana ni.

Litinin, bayan magariba

Malaminmu ya taɓa karantar da mu cewa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla, ya kuskure, babu zunubi a kansa. Yau na yi ta juya maganar nan a baki kamar alewa. Babu zunubi a kansa. A kansa, in ji Malam. Bai ce komai ba game da wanda ya tsaya a bakin hanya ya nuna masa wani wajen yana dariya. Ba wanda ya tambaya a ranar, don ba wanda ya zaci akwai irin wannan mutumin.

Da na tayar da salla sai na ji kafaɗata tana son juyawa hagu kaɗan. Garinmu yana cikin ashirin. Na sani. Duk da haka.

Ɗari biyu da sittin da uku. Ba baƙon kaɗai ba ne ke nan. Shi ne dai ya rubuto.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Farfesa ya zo da sabon kofi, ya rubuta sunansa a gindi da fenti don kada in taɓa. Ya ajiye ya fita, ya dawo ya shinshina, ya ɗaga ya duba ƙasa, ya kurɓa a tsorace. Ba komai a ciki sai shayi. Ya ce wannan shirun nawa ya fi gishirin ba shi tsoro.

An sallamo Yaya da yamma. Ba a ce ta warke ba, an ce a dawo da ita bayan kwana goma.

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Ta kira mu ɗakinta, tana jingine da filo uku. Ta ce ran Litinin za a saki na gaske, a cire kalmar gwaji. Tana so ta ga ya fita kafin ta koma. Farfesa ya ce ai ba gaggawa. Ta ce, "Akwai." Mijinta ya tashi ya gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na gaske shi ne wanda ke shiga wayoyin mutane da kansa, ba sai sun nema ba. Manhajoji goma sha huɗu ke jingine da namu, in ji Farfesa, yana faɗa yana washe baki.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Wani hoton. Ba baƙon ya turo ba, wani yaron unguwarsu ne ya liƙa a ƙarƙashin ƙorafin da aka rufe, wai mu ga albarkar aikinmu. Gini ya kai taga. An fitar da wurin liman, ya turo ƙirji waje. A gefen hoton ga wani tsoho a zaune kan bulo, ya juya wa ginin baya.

Na ƙirga layin bulo da yatsa. Goma sha ɗaya. Na kashe wayar na sa a ƙarƙashin tabarma, kamar zafinta zai ragu.

Juma'a, 21 ga wata, bayan la'asar

Na kai mata ruwan zafi. Na riga na shirya maganar tun a masallaci, da farkonta da ƙarshenta, har da inda zan ɗan sa dariya. Na tarar da kwamfuta a cinyarta, abin da likita ya hana. Farfesa yana kan kujera. Ambulan yana kan gado, a yage. Ƙorafin baƙon yana buɗe a gabanta.

Ta ce, "Farfesa, garin nan yana cikin ashirin ɗinka?"

Ya ce, "Ba ya ciki, amma ai lissafi ɗaya ne ko'ina."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba. Ita ta goya ni, ta san yadda nake tsayuwa in na fasa abu.

"Auta. Ƙaya nawa ne?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Biyu."

"Tun yaushe ka san an ja igiya a kan kibiyar?"

Na faɗa.

Farfesa ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na jira ya zage ni, ya jefe ni da takalmi, ya kira ni ɗan allo. Da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ni na rufe wa mutumin baki. Na ce masa ƙarfe ne." Ya tashi ya fita, ya bar takardar garuruwansa a kan kujera.

Sauran abin da Yaya ta ce ba zan rubuta shi a nan ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta da ita.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Ni na goge layukan, da sunana. Yaya ta saki gwaji na uku daga kan gado, ta sa alamar janyewa a kan na ɗaya da na biyu. Ta ce janyewa ba ta shiga wayar kowa ta ƙwato, tana dai hana sabon mai ɗauka. Na gaske an ɗage shi, ba rana.

Ta ce sanarwa ni zan rubuta, da Hausa, Farfesa ya juya ta Turanci, a kafe a saman shafi. Na rubuta cewa an samu kuskure. Ta ce, "An samu? A hanya aka tsince shi?" Na goge. Na rubuta cewa ni na sa shi da gangan don in tsokani ɗan'uwana, digiri goma sha ɗaya zuwa dama, a duk garin da ba ya cikin waɗannan ashirin, ga sunayensu. Duk wanda ya yi aiki da kibiyar daga uku ga wata ya sake dubawa.

Ɗari uku da arba'in da bakwai suka sauke kafin a janye. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na sake buɗe ƙorafin baƙon na ajiye masa lambar wayata.

Farfesa ya juya sanarwar bai canza ko kalma ba. Da ya gama ya wanke kofinsa da kansa.

Asabar, bayan magariba

Bai kira ba.

Umma ta ajiye min abinci ba ta ce ci ba.

Lahadi, 23 ga wata, bayan azahar

Ya rubuto, ta waya. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi jikin Yaya, don ya ga an ambata a shafi. Ya ce sun zauna da dattawa. Ba za a rushe ba, ba su da ƙarfin sake ginawa. Za a ja layukan sahu a karkace a kan daɓe, liman ya tsaya a kusurwa, wurin da aka fitar masa a sa tabarmi a ciki. Ya ce ya je har gida ya durƙusa ya ba ladan haƙuri. Ya ce wannan duk mai sauƙi ne.

Na fara rubuta alhamdu lillahi, sai wani saƙon ya shigo.

Ya ce mahaifiyarsa ta rasu ran Litinin, sha bakwai ga wata. Tsohuwar maƙabartarsu ta cika, a sabon fili aka kai ta, ita ce ta farko a wurin, babu kabarin da za a daidaita da shi. Masu haƙa suka ce ina mai wayar nan. Shi ya ɗora ta a ƙasa da hannunsa. Mutum biyu sun biyo ta tun daga ranar, da nata aka daidaita nasu.

Ya ce ba zai zage ni ba, malamai za su faɗa musu abin da ya kamata. Tambaya ɗaya gare shi, don zuciyarsa ta samu wurin zama. Ran sha bakwai, na riga na san ya ɗauki kibiyar da gaske, ko ban sani ba tukuna?

Na ɗauko littafin nan na koma baya. Ga shi nan da hannuna, Litinin da safe, kalma uku.

Lahadi, bayan la'asar

Na rubuta masa: Na sani. Tun ran sha biyu.

Ya karanta. Wayar ta nuna yana rubutu. Ta daina. Ta sake nunawa, ta daɗe, ta daina.

An kira salla ina zaune da ita a hannu. Umma ta leƙo ta ce in tashi, lokaci yana wucewa.